Labarin tsoho amana ne

Jawabi domin cibiyoyin yaƙi da jahilci na Sanam da ƙasar Kurfai



A Sanam da ƙauyukanta akwai tsofaffin da suka ga fari na 1973 da na 1984. Sun san inda aka kai shanu. Sun san yadda ake jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki har ɗaci ya fita. Wasu sun tafi cin rani har Kumasi. Wannan duka tarihi ne, ko da mai shi ba sarki ba ne. In tsoho ya rasu ba a rubuta ba, labarin ya bi shi kabari.

Tun 1968 aka buɗe wata cibiya a Yamai domin tara labaran baka. Yau sunanta CELHTO. Amma ma'aikatanta ba za su iya shiga kowane gida ba. Wanda ya koyi karatu a cibiyar garinsu, shi ne mafi kusa da kakarsa.

Ga misali daga ƙasar Zazzau. Wata tsohuwa mai suna Baba ta Karo ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta a 1949 da 1950. Baba ta rasu a 1951. Littafin ya fito a 1954. Har yanzu ana karanta shi, ana sanin zaman matan karkara na wancan zamani.

To, ko duk abin da tsoho ya faɗa za a kai shi fili? A'a. Labari iri uku ne.

Na ɗaya, labarin fili: noma, kiwo, ginin rijiya, shekarun yunwa. Wannan a karanta shi a cibiya, kowa ya ƙaru.

Na biyu, labarin gida: rigimar gona, bashi, mutuwar aure, asalin wani da zancen bauta. Wannan na dangi ne kaɗai. In ya fita, yana iya ɓata zumunci ko ya hana yarinya aure.

Na uku, labarin ciki: wanda tsoho ya ce kada a rubuta. A ajiye biro. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

A kula da salula. Murya in ta shiga WhatsApp, kafin dare ta kai Filinge, ta kai Yamai. Magana zarar bunu ce. Kuma yankin nan ya sha hare-hare, kamar na Sanam a watan Disamba 2019. Faɗin sunan mutum, ko inda garkensa yake kwana, yana iya jawo masa masifa.

Ga yadda za a yi:

1. A nemi izinin tsoho tukuna.
2. A rubuta sunansa, da garinsu, da ranar hira a kaye.
3. A karanta masa abin da aka rubuta, ya gyara.
4. A tambaye shi: wa zai ji wannan, gari ko gida?
5. A sa kayen cikin akwati, nesa da gara da ruwa.

Mai labari shi ne mai iko da labarinsa. Mai rubutu mai riƙon amana ne. Kowa ya fara da tsohon gidansu tun yau da dare.

Allah ya ba mu zaman lafiya.