Saye da Sayar da Gida Lokacin da Kasuwa ke Farfaɗowa: Abin da ya Faru a Amurka

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiya)



Kwamiti ya ɗora mini nauyin in yi bayani a kan saye da sayar da gida a lokacin da kasuwa ta faɗi, sa'an nan ta fara miƙewa. Na ga ya fi kyau in ɗauki ƙasa guda mu bi labarinta tun daga tushe, kuma na zaɓi Amurka, daga shekarar 2006 zuwa 2016. Dalili na farko shi ne a can ana rubuta farashin yawancin cinikin gidaje, don haka akwai alƙaluman da za a dogara da su. Na biyu kuwa, da yawa daga cikinmu muna da ɗa ko ƙane a can, kuma wata rana sai waya ta buga a ce, "Baba, in saya ko in dakata?" Ya kamata a ce muna da abin faɗa ban da "Allah ya zaɓa mafi alheri", ko da yake wannan ma ba ƙaramar amsa ba ce.

Da farko sai mu san yadda ake mallakar gida a can, domin ya bambanta da yadda muka saba, inda mutum ke sayen fili ya yi ta tara bulo har Allah ya nufa ya rufa. Yawancin Amurkawa da bashi suke saye. Mutum zai ba da kafin alƙalami, banki ya biya sauran, shi kuma ya riƙa biya wata-wata har shekara 30 tare da kuɗin ruwa. Gidan yana jingine a hannun banki, in aka kasa biya banki ya ƙwace ya yi gwanjonsa. Musulmin da ke gudun riba akwai kamfanoni irin su Guidance Residential da ke yin tarayya da mai saye a mallakar gidan, yana sayen rabonsu kaɗan-kaɗan, amma su ma farashin kasuwa ɗaya ne ke hawa da sauka da su.

Kafin 2006 bankuna sun saki hannu ƙwarai. An riƙa ba mutane bashi ba tare da an binciki albashinsu ba, wasu ma ba su ba da ko sisi na kafin alƙalami ba, saboda kowa ya ɗauka farashin gida ba ya sauka. A tsakiyar 2006 farashi ya kai ƙololuwa, daga nan ya juya. A watan Satumba na 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe, gwamnati kuma ta karɓe ragamar Fannie Mae da Freddie Mac, wato manyan kamfanoni biyu da ke sayen basussukan gidaje daga bankuna. Ma'aunin farashi da ake kira Case-Shiller ya nuna cewa daga 2006 zuwa farkon 2012 gidaje sun rasa fiye da kashi 25 cikin ɗari na darajarsu a ƙasar baki ɗaya. A birnin Finiks na jihar Arizona asarar ta wuce rabi, a Las Begas kuwa ta kai wajen kashi 60.

A nan zan roƙi malamanmu na lissafi su yi mini shaida, tun da su suka sha wahalarmu a kan darasin kashi cikin ɗari. Abin da ya faɗi da kashi 50, sai ya tashi da kashi 100 kafin ya koma inda yake. Wanda ya faɗi da kashi 60 kuwa sai ya tashi da 150. Saboda haka in ka ji jarida ta ce farashi ya tashi da kashi 20 a shekara guda, ka tambaya daga ina ya taso. Mutumin da ya sayi gida dala 300,000 a 2006, ya ga darajarsa ta koma 150,000, tashin kashi 20 ya kai shi 180,000 ne kawai, alhali banki yana binsa fiye da haka nesa ba kusa ba. Wajen 2010 da 2011 an ƙiyasta gidaje kimanin miliyan 11 ne bashin da ke kansu ya fi darajarsu, wato kusan ɗaya cikin huɗu na duk gidajen da ke jingine.

Abu na gaba da nake so a lura da shi shi ne farfaɗowar ƙarya. A 2009 gwamnatin Obama ta ba masu sayen gida na farko rangwamen haraji har dala 8,000. Mutane suka yi rububi, ciniki ya ƙaru, farashi ya ɗan ɗaga, har wasu suka ce an ƙetare siraɗi. Wa'adin rangwamen na ƙarewa a watan Afrilu na 2010, sai kasuwa ta sake kwantawa, farashi ya ci gaba da zamewa har kusan shekara biyu. Da yawa daga waɗanda suka yi gaggawa domin dala 8,000 sun ga darajar gidajensu ta ragu da abin da ya fi haka. Ashe ba sabbin masu saye aka samu ba, masu niyyar saye baɗi ne aka jawo suka saya bana.

Farfaɗowa ta gaskiya ta fara a 2012, kuma babu wanda ya buga kuge ya sanar. Abubuwa uku suka haɗu. Magina sun daɗe da ajiye kayan aiki: a 2005 an fara ginin gidaje fiye da miliyan 2, a 2009 kuwa adadin bai kai 600,000 ba. Kuɗin ruwa na bashin shekara 30 ya sauka har wajen kashi 3.3 a ƙarshen 2012, saboda Babban Bankin Amurka yana ta sayen takardun bashi. Sa'an nan gidajen da ke kasuwa sun yi ƙaranci, don mai gidan da bashi ya fi ƙarfin gidansa ba zai iya sayarwa ba sai ya cika daga aljihunsa. Wannan na ukun shi ne abin mamaki a wurina: mutanen da faɗuwar ta fi ƙuntata wa, zamansu a ɗaure shi ya taimaka wa farashi ya tashi.

Dillalan can suna da wani ma'auni mai sauƙi wanda ya fi kanun jarida amfani. Sukan lissafa wata nawa za a ɗauka kafin a sayar da duk gidajen da ke kasuwa in ciniki ya ci gaba yadda yake. Wata shida shi ne daidai wa daida. In ya haura, mai saye ke da ta cewa, ya taya yadda ya ga dama. In ya gaza, mai gida ne sarki. A 2010 ma'aunin ya yi wa wata shida nisa, amma zuwa farkon 2013 ya sauko ƙasa da biyar, kuma sai ga mutum biyar ko goma suna takara a kan gida ɗaya a unguwannin da shekara biyu baya ba mai ko leƙawa.

To, wa ya sayi gidajen nan da suka yi araha? Nan ne labarin ya yi ɗaci. Iyalin da banki ya ƙwace wa gida ba ya samun sabon bashi sai bayan shekara uku a ƙarƙashin shirin gwamnati na FHA, ko shekara bakwai in bashin irin na Fannie Mae ne. Bankuna kuma, da yake wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, sun tsananta bincike har ga mutanen kirki. Saura masu tsabar kuɗi a hannu. A waɗannan shekaru kusan ciniki ɗaya cikin uku da kuɗi hannu aka yi shi. A farkon 2012 attajirin nan Warren Buffett ya faɗa a talabijin cewa da akwai hanyar kula da su, da ya sayi gidaje dubu ɗaruruwa. A shekarar ce kamfanin Blackstone ya kafa Invitation Homes, ya zuba wajen dala biliyan 10, ya sayi gidaje dubu gomomi a wurare irin su Finiks da Atlanta da Fulorida, ya gyara ya ba da haya. Wasu daga cikin 'yan hayar, da su ne masu gidaje a unguwannin nan. Mai gida in an kawo masa tayi biyu, ɗaya na ma'aikacin da zai jira banki wata guda ko fiye, ɗaya na kamfanin da zai biya cikin 'yan kwanaki, kun san wanda zai ce wa "sallama", ko da na ma'aikacin ya ɗan fi tsoka.

Sakamakon ya fito a alƙaluma. A 2004 kashi 69 cikin ɗari na iyalan Amurka a gidan kansu suke zaune. A 2016, shekarar da ma'aunin farashi ya koma matsayinsa na 2006, adadin ya sauka ƙasa da kashi 63, mafi ƙanƙanta cikin shekara 50. Farashi ya warke, amma gidajen sun koma wasu hannuwa.

Bari in juya ga mai sayarwa, don shi ma yana da nasa ƙaiƙayin. Na farko, akwai mai ƙimanta gida, wanda banki ke aikawa kafin ya ba da bashi. Shi da cinikin da aka riga aka yi a unguwa yake aiki, na watannin baya, kuma a lokacin farfaɗowa waɗannan sun haɗa da gidajen gwanjo da aka sayar da arahar banza. Sai a yi ciniki a kan dala 200,000, mai ƙimantawa ya ce 185,000, banki ya ce iyakar abin da zai lissafa ke nan. Dole mai saye ya cika, ko mai gida ya rage, ko ciniki ya watse. Na biyu, la'ada. A wancan lokaci dillalai biyu, na mai saye da na mai sayarwa, suna raba kashi 5 zuwa 6 na kuɗin gidan, kuma daga hannun mai sayarwa ake cirewa. Sai a 2024, bayan shari'a, ƙungiyar dillalan ƙasar ta yarda ta biya dala miliyan 418 ta kuma sauya wasu ƙa'idojinta. Ke nan wanda gidansa ya tashi ya yi daidai da bashinsa bai fita ba tukuna, sai ya haura da kuɗin la'ada da na takardu.

Na uku shi ne wanda mutane suka fi mantawa. Mai sayar da gidan da yake zaune a ciki, washegari shi ma mai saye ne, a kasuwa ɗaya. In yana son ƙaura zuwa gida mafi girma, jiran farashi ya tashi cutarsa yake yi. Gidansa na dala 200,000 in ya tashi da kashi 10 ya samu 20,000, amma wanda yake hari na 300,000 ya ƙaru da 30,000. Jira yana amfanar wanda zai koma ƙaramin gida ne, ko wanda zai tattara ya bar ƙasar, kamar 'yan'uwanmu masu shirin dawowa gida bayan ritaya.

Kuɗin ruwa kuma ba ya jiran kowa. A watan Mayu na 2013 shugaban Babban Bankin na lokacin, Ben Bernanke, ya nuna alamar za a rage sayen takardun bashi. Bai ma rage ba, magana kawai ya yi, amma cikin 'yan makonni kuɗin ruwa ya tashi daga wajen kashi 3.5 zuwa wajen 4.5. Bashin dala 200,000 na shekara 30 a kan 3.5, biyansa dala 898 ne a wata. A kan 4.5 ya zama 1,013. Wanda ƙarfinsa 898 ne, yanzu bashin da zai iya ɗauka bai wuce 177,000 ba. Ya yi asarar ɗaki guda ba tare da farashin gida ya motsa ba. Irin wannan ya sake faruwa da ƙarfi daga baya: a farkon 2021 kuɗin ruwa ya sauka zuwa kashi 2.65, a watan Oktoba na 2023 ya kusa kai 8, sai masu tsohon bashi mai sauƙi suka ƙi sayar da gidajensu don kada su ɗauki sabo mai tsada, kasuwa ta sake ƙarancin kaya.

Har ila yau, kada a ruɗe mu da kalmar "kasuwar Amurka" kamar abu ɗaya ce. Dalas da Denba, da ba su yi hauka sosai a lokacin tashi ba, sun wuce tsohon farashinsu tun 2013. Las Begas sai bayan 2020. Birnin Ditroit kuwa a 2013 ya shiga kotu ya ce ya tsiyace, kuma ana gwanjon gidajen da ake bi haraji da farawa daga dala 500. Wasu daga nesa suka saya ta intanet ba su taɓa gani ba, suka tarar da kango babu taga babu famfo, ga haraji na shekara-shekara yana jiransu. Aiki ne ke riƙe farashin gida. Inda masana'antu suka tashi, araha ba alamar farfaɗowa ba ce.

Don haka in wayar nan ta zo, ni tambayoyin da zan yi wa yaro su ne: shekara nawa kake sa ran zama a garin, tun da la'ada da kuɗin takardu kan cinye ribar shekarun farko? In aiki ya tsaya, wata nawa za ka iya biya daga ajiya? Kuɗin ruwan tsayayye ne har ƙarshe ko mai sauyawa ne? Kuma ma'aunin watannin nan nawa yake a unguwar, ba a ƙasar ba? Tun watan Janairu na 2014 doka ta wajabta wa mai ba da bashi ya tabbatar mai karɓa zai iya biya, amma abin da banki ya yarda ya ba ka da abin da za ka iya biya kana barci da daddare ba ɗaya ba ne. Waɗanda suka saya a 2006 da bashi tsayayye da suke iya biya, suka zauna, sun ga darajar gidajensu ta dawo, wasu bayan shekara bakwai, wasu goma, wasu goma sha biyar. Waɗanda aka tilasta wa sayarwa a 2010 da 2011 su ne asarar ta tabbata a kansu.

Shugaban taro, na ga mai kula da lokaci yana ɗaga mini agogo kamar yadda yake yi tun yana firifet. Sauran bayani a kan haya da harajin gida sai a lokacin tambayoyi.