Kiɗan Jaz na Manyan Ƙungiyoyi da Shugabanninsu

Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na Gaya da ƙauyukanta, da na sauran garuruwa duka. Yau hirarmu a kan kiɗa take.

Kun san yadda makaɗin fada yake fita. Ku ɗauki Narambaɗa ko Ɗanƙwairo. Maigida yana gaba, yana bada waƙa. Yaransa suna baya, suna kiɗa suna amshi. Shi ke ciyar da su, shi ke raba musu abin da aka samu. To, a Amurka an yi irin wannan tsari, amma da kayan busa na ƙarfe. Sunan kiɗan jaz. Irin wanda manyan ƙungiyoyi ke yi don rawa kuwa, ana ce masa suwing.

Baƙaƙen fata ne suka fara jaz a birnin New Orleans, wajen shekarar 1900. Jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne. Da farko mutum biyar ko bakwai ke kiɗan. Da ɗakunan rawa suka yi girma, sai aka ƙara makaɗa, har suka kai sha biyar ko fiye.

Ga yadda ake zaunar da su. Masu busa begila suna gefe guda. Kusa da su akwai masu doguwar begila wadda ake ja ana turawa. A gaba masu saksofon. Sannan mai ganga, da mai fiyano, da mai babban garaya na Turawa, su ke riƙe da tafiyar kiɗan. Masu begila su yi kira, masu saksofon su amsa. Wanda ya saba jin algaita da ganga a ƙofar fada, wannan ba zai zame masa baƙo ba.

Amma fa mutum sha biyar ba su busa abin da suka ga dama, sai a yi hayaniya. Dole wani ya zauna ya rubuta wa kowa nasa rabo a takarda. Kiɗa ma yana da nasa baƙaƙe, ana karanta su. A nan Fletcher Henderson ya yi fice a birnin New York, shi da marubucin kiɗansa Don Redman. A 1924 Louis Armstrong ya shiga ƙungiyarsa. Makaɗin da ya iya karanta takarda, ko yau ya zo, gobe ya yi aiki. Wanda bai iya ba, sai ya jira a biya masa.

Count Basie shi da mutanensa na Kansas City da ka suka fara. Ɗaya ya ɗauko ɗan zango, sauran su kama. Daɗi kam akwai. Sai dai in makaɗi ya bar aiki, ya tafi da rabonsa a kansa. Daga baya su ma suka koma ga takarda.

Akwai wani Bature, Benny Goodman. Ya sayi rubuce-rubucen Henderson, ya kaɗa su a rediyo, ya yi suna daga 1935. Jaridu suka naɗa shi sarkin suwing. A ganina an yi wa Henderson ƙwange a wannan sarauta. Amma kada mu ci haƙƙin Goodman. Lokacin da ake hana baƙi da farare aiki tare, ya ɗauki Teddy Wilson da Lionel Hampton, ya hau dandali da su a bainar jama'a.

Wanda na fi so ku riƙe sunansa shi ne Duke Ellington. An haife shi a 1899. Daga 1927 yana kiɗa a wani gidan rawa na New York, Cotton Club, inda baƙi ke kiɗa farare ke kallo. Ya san muryar kowane yaronsa, kuma don wannan muryar yake rubuta masa rabonsa. Shi ya sa suka daɗe da shi. Harry Carney, mai babban saksofon, ya shiga a 1927, bai fita ba har Ellington ya rasu a 1974. Shi ma a shekarar nan ya bi maigidansa.

Bayan yaƙin duniya na biyu kasuwa ta faɗi. Albashin mutum sha biyar da kuɗin mota sun yi nauyi, jama'a kuma sun koma son mawaƙa. A ƙarshen 1946 manyan ƙungiyoyi da yawa suka watse. Ellington ya ƙi sallamar yaransa. Da kuɗin da waƙoƙinsa ke kawo masa ya riƙa biyan su.

Kiɗan nan ya dawo gida Afirka. A Ankara ta ƙasar Gana, E. T. Mensah ya koyi suwing lokacin yaƙi, ya gauraya shi da kiɗan ƙasarsu a ƙungiyarsa Tempos. A Ikko Bobby Benson ya yi haka. Armstrong ya zo Ankara a 1956. A 1960 ya zo Najeriya, har ya gana da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Ellington kuma ya yi wasa a Dakar a 1966. A Gine aka kafa Bembeya Jazz a 1961, kun ji sunan jaz ya bi su.

Ku mutanen Gaya, abin bai yi muku nisa ba. Hanyar da ta ƙetare gada zuwa Malanbil ita ce ta kai Faraku. A can, a shekarun 1970, Musa Mama ya shugabanci Super Borgou. Ba su kai na Amurka yawa ba, jita ce ta fi ƙarfi a kiɗansu, amma da Barbanci da Dandanci suke waƙa. Ku tambayi tsofaffin direbobi na tasha wane faifai suka fi so a lokacin, ku rubuta sunansa a littafinku, ku kawo wa malaminku ranar karatu.