Me Ke Riƙe Takarda?



An nemi in ce wani abu a kan takarda, tun da mu ma'aikatan gwamnati da ita muke wuni. Takarda dai tarin ƙananan zaruruwa ne na selulos, sinadarin da ke cikin itace da auduga. Ba a saƙa su, ba a ɗinka su. Yayin da jiƙaƙƙen markaɗen itace ke bushewa, ruwan da ke fita yakan jawo zaruruwan su matsu da juna, har wani haɗi da masana ke kira haɗin haidirojin ya ƙullu a tsakaninsu. Shi ya sa takarda ke yagewa da ta jiƙe: ruwa ne ya kwance haɗin.

A 1969 Derek Page ya nuna cewa ƙarfin takarda ya dogara ga abu biyu: ƙarfin zaren kansa, da ƙarfin riƙon da zaruruwan suka yi wa juna. To, a nan ne zaren da aka sake ƙerawa ya zama abin lura. A 1892 Cross da Bevan da Beadle suka gano a Ingila yadda za a narkar da selulos, a sake fitar da shi zare, wato reyon. Amma wannan zare sumul yake, ba ya tsattsagewa ya fitar da 'yan gashin da ke kama na kusa da shi. Saboda haka takardarsa ba ta da ƙarfi, sai an sa mata abin liƙi ko an gauraya ta da markaɗen itace.

Zaren layosel, wanda aka fara ƙerawa don kasuwa a Amurka a 1992 da sunan Tencel, ya bambanta. In an dake shi cikin ruwa yakan tsattsage, wurin haɗuwa ya yawaita, takardar ta yi ƙarfi. Da shi ake yin wasu takardun tace mai da iska.

Abin da ya shafe mu shi ne wannan: takardun shaidar karatu da na filaye da na fansho, wannan haɗi ne ke riƙe da su. Laimar damina abokiyar gabarsa ce. Mu ɗaga fayil daga ƙasa, mu nisanta shi da bango mai danshi, tun kafin haƙƙin wani ya ruɓe a kabad.