Abin da Za Mu Duba Idan Mun Je Gidan Tsofaffi



Idan muka kai ziyara gidan kula da tsofaffi a nan Ingila, mukan yi addu'a, mu ba da Jibin Ubangiji, mu ce Baba yaya jiki, ya ce da sauƙi, mu kama hanya. Amma mun san tarbiyyar iyayenmu. Tsohon da ya tashi a Kagoro ko Numan ba ya kai ƙarar wanda yake yi masa wanka. Kunya takan hana shi, ga tsoron abin da zai biyo baya da dare, balle wanda ciwon mantuwa ya kama.

Kada mu ce tunda gwamnati tana duba gidajen, ba abin damuwa. Gidan Orchid View da ke West Sussex, hukumar CQC ta ba shi shaidar yana da kyau a 2010, a 2011 aka rufe shi. A 2013 aka binciki mutuwar mutum 19 da suka zauna a ciki, aka tarar sakaci yana da hannu a mutuwar biyar. Wata ma'aikaciyar ofishin gidan ce ta kai maganar ga 'yan sanda. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce cikin ma'aikatan irin waɗannan gidaje da aka tambaya, biyu cikin uku sun amsa sun aikata wani nau'in cin zarafi a shekarar da ta gabaci tambayar.

To, me za mu duba? Mu duba ko kofin ruwa da ƙararrawar kira suna inda hannu zai kai. Mu duba bushewar leɓe, da rama, da zarnin fitsari a shimfiɗa, da shatin yatsu a dantse. Gyambon kwanciya yakan fara a ƙugu da diddige, kuma a nan sai mu yi hattara sosai, gama a farar fata yakan fara da ja, amma a baƙar fata irin tamu wurin duhu yake ƙarawa, ko ya yi zafi ko tauri, har ma'aikaci mai kirki yana iya wuce shi. Mama mai hira da ta koma barci kullum da rana, a tambaya wane magani aka ƙara mata. Haka wanda yakan yi tsit da zarar wani ma'aikaci ya shigo, ko wanda kuɗinsa da zobensa suke ɓacewa.

Alama ɗaya ba hujja ba ce. Fatar tsoho ba ta da wuyar tabo, musamman mai shan maganin tsinka jini. Ba a ce mu yi shari'a ba. Mu keɓe da shi, mu tambaya a hankali cikin harshen da ya fi sakin jiki, kada mu sa masa magana a baki, kada kuma mu yi alkawarin rufe asiri. Mu rubuta rana da lokaci da abin da muka gani, da maganarsa yadda ya faɗe ta. Sai a gaya wa manajan gidan da sashen kare manya na ƙaramar hukuma, wanda dokar kulawa ta 2014 ta wajabta wa yin bincike. Idan rai yana cikin haɗari, 999 za a kira nan take.

Inda muka fi tuntuɓe shi ne son sasantawa a cikin gida. In wanda ake zargi ɗan ikkilisiya ne, sai a ce a kira shi gaban dattawa, ya nemi gafara, magana ta mutu. Gafara tana da wurinta, amma ba ta hana shi komawa ɗakin tsohuwar gobe da safe.

Da yawa cikinku kuma a gidajen nan kuke aiki, wasu mai gidan ne ya ɗauki nauyin bizarsu, mun kuwa san nauyin wannan tsoro. Akwai dokar 1998 mai kāre ma'aikacin da ya tona irin wannan abu, CQC kuma tana karɓar rahoto ko ba a faɗi suna ba. Duk wanda ya ga abu yana jin tsoron zuwa shi kaɗai, ya same mu bayan sujada, dattijo ɗaya zai raka shi.