Saiwar Itace Da Ginin Gida

Batun yau shi ne ɓarnar da saiwar itace ke yi wa gini da bututun ruwan ƙazanta. Hukuma tana kira a dasa itatuwa don yaƙi da hamada, kuma kiran daidai ne. Abin lura shi ne wurin da za a dasa.

Saiwa damshi take bi. Yawancinta ba ta wuce mita 1 cikin ƙasa, amma tana yaɗuwa nesa, har ta zarce inda inuwar itacen ta tsaya. In bututun da ke kai ruwan bayan gida zuwa sokawe ya ɗan tsage, ko mahaɗarsa ta saki, sai siririyar saiwa mai kamar gashi ta kutsa ciki. Can za ta sami ruwa da taki, ta yi kauri, ta cunkushe, ta tare ƙazanta. Mai gida sai ya ga ruwa ya daina wucewa, wari ya tashi, ƙudaje sun yi yawa, yara kuma suna wasa a wurin. Ya zura sanda ya buɗe, bayan 'yan watanni abin ya dawo, domin saiwar tana nan. Maganin shi ne a tona a sake bututun.

Ta wajen gini kuwa, ɓarnar ta fi yawa a ƙasar laka. Da rani itacen yakan tsotse ruwan da ke ƙarƙashin harsashin ginin, ƙasa ta motse, gefe guda ya zauna, bango ya tsage. Da damina ƙasar ta kumbura, tsagar ta ɗan haɗe, mai gida ya ɗauka an rabu da matsalar.

Cediya da durumi da gamji su ne kan gaba wajen wannan ɓarna, darbejiya da turare ma ba a baya suke ba. Wurinsu dandali ne ko bakin gona. Magidanci ya bar tazara tsakanin itace da gini kimanin tsawon da itacen zai kai in ya girma. A tsakar gida, gwanda da rumman da lalle sun wadatar.

Wanda kuma ya gaji babban itace a jikin ɗaki, kada ya datse manyan saiwoyin da ke gindinsa, domin iskar farkon damina tana iya kayar da shi kan rufin. Ya nemi malamin gandun daji da magini su duba tukuna.