Tsakanin Bak da Ajin Farko: Yadda Ɗan Damagaram Ke Zaɓen Inda Zai Karanta Shari'a



Ni malamin lise ne, wato babbar sakandare. Ban taɓa tsayawa gaban alƙali don kare wani ba, kuma abin da zan faɗa yau na koye shi ne a bakin tebur, wajen taya ƴan ajin ƙarshe haɗa takardu. Maganata a kan watannin nan uku zuwa huɗu take, daga ranar da aka kafe sakamakon bak, jarrabawar kammala lise, zuwa ranar da yaro zai zauna a ajinsa na farko na koyon shari'a. A cikinsu ake yanke abin da zai bi shi har tsufa, kuma sau da yawa nisa da aljihu ne ke yanke shi, yaron da iyayensa suna kallo.

Garin nan na Zinder ba baƙon shari'a ba ne. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, akwai alƙali a fada yana raba gado da rigimar gona bisa fiƙihun Malikiyya. Nan ne Faransawa suka ajiye babban birnin mulkinsu kafin su mayar da shi Yamai a 1926. Shekaru da dama kotunan ɗaukaka ƙara biyu ne kacal a ƙasar nan ta Nijar, ɗaya a Yamai, ɗaya a Zinder. Duk da haka, yaron da ya tashi a unguwar Zango ko Birni yana son zama lauya, dole ya ɗaure kaya. Jami'armu, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan André Salifou, ƙarfinta yana wajen adabi da ilimin zaman jama'a, da likitanci, da kimiyya, da horar da malamai. Mai neman shari'a a jami'ar gwamnati hanyarsa biyu ce: ko ya miƙe kusan kilomita 900 ta Maraɗi da Ƙonni da Doso zuwa Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko ya karkata a Tsarnawa ya nufi Jami'ar Djibo Hamani a Tawa. Wanda ya fito makarantar Faransanci da Larabci yana da ta uku, Jami'ar Musulunci ta Say, da aka buɗe a 1986.

Shi ya sa idan yaro ya ce shari'a yake so, abin da ake fara tambaya a gida shi ne, "Wa zai riƙe shi can?" Daga nan magana ta koma kan burs, wato tallafin karatu, ba ta ƙara barin wurin.

Hukumar ANAB ce ke kula da tallafin karatu. Tana duba makin da yaro ya samu a bak da kuma shekarunsa. Wanda bai kai ga cikakken burs ba yana iya samun ɗan taimakon da ɗalibai ke kira ed sosiyal, wanda bai kai rabin buƙata ba. Sai kuma guraben da ƙasashe abokai irin su Maroko da Aljeriya ke bayarwa, waɗanda su ne kowane mai maki ke mafarki. Matsalar ita ce kowace ƙofa da lokacin buɗewarta. Rajistar jami'a da ranarta, jerin sunayen burs na gida da tasa, amsar ƙasar waje kuwa sai sa'ad da ta ga damar zuwa. Yaro yana tsaye a tsakiya, ana so ya zaɓa kafin ya ga abin da ke gabansa duka.

A nan nake so in daɗe. Iyaye da yawa suna ɗaukar karatun shari'a kamar karatun likita. Zazzaɓin cizon sauro ɗaya ne a Kano da Rabat da Mirriya, wanda ya koyi maganinsa a can zai yi aiki da shi a nan. Doka kuwa ƴar ƙasa ce, tana da iyaka kamar gona.

Ku ɗauki Kano. Kilomita 240 ne ko kusa da haka, harshenmu ɗaya, da wuya a sami gida a Damagaram da ba shi da dangi can. Uba zai ce, "Ga gidan ƙanena a Fagge, me zai kai yaro Yamai?" Ta fuskar tuwo da makwanci ya yi gaskiya. Amma abin da ake koyarwa a Jami'ar Bayero shari'a ce ta gadon Ingila, da Ingilishi, wadda ke jingina sosai da hukuncin da alƙalan baya suka yanke, haɗe da shari'ar Musulunci. Shekara biyar ce, sannan shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, wadda reshenta na Kano yake Bagauda. Tamu kuwa gadon Faransa ce, rubutattun kundaye ne, aya bayan aya. Wanda ya gama can ya dawo da niyyar tsayawa a kotun Zinder zai tarar kusan sabon karatu ke jiransa. Idan burinsa ya zama lauyan ƴan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kantin Kwari da Kasuwar Dole, to wannan wata magana ce, kuma hanya ce mai albarka ga wanda ya shige ta ido buɗe. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya shiga don kawai akwai ɗakin kwana.

Haka burs na waje. Dokar kasuwanci da muke aiki da ita ta OHADA ce, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Port-Louis a 1993, wadda ta haɗa ƙasashe 17. Wanda ya karanta a Dakar ko Wagadugu ko Kwatano, dokar kamfani da ta bashi da ya koya ita zai tarar a gida. Maroko da Aljeriya ba sa ciki. A Aljeriya ma yawancin karatun shari'a da Larabci ake yi, a Maroko kuma akwai sashen Larabci akwai na Faransanci, kuma ya kamata yaro ya san wanne aka tura shi kafin ya hau jirgi. Ban ce a ƙi waɗannan gurabe ba. Akwai manyan ma'aikata a ƙasar nan da can suka yi karatu. Na ce a san cewa bayan dawowa akwai neman daidaita takarda a ofishin OBEECS, akwai kuma zaman karanta dokokin gida da babu wanda zai biya kuɗinsa. Makarantu masu zaman kansu kuwa tambaya ɗaya nake sa iyaye su yi kafin su zuba ko dala: gwamnati ta amince da wannan takardar, hukumar CAMES mai tantance takardun jami'o'i ta san da ita? A nuna musu a rubuce.

Yanzu jerin jira.

Wata shekara ina da ɗaliba, ƴar wani ƙauye ta wajen Magariya, wadda ta ci bak da maki mai kyau. Ta nemi gurbin wata ƙasa, sunanta ya fito na uku a jerin masu jira. Na tuna ranar da ta zo mini da hoton takardar a waya, ta buɗe shi da yatsu biyu har sunan ya cika fuskar wayar, ta ce, "Malam, mutum uku ne kawai." Mahaifinta ya riga ya sayar da tumaki biyu an yi fasfo. Na ce ta je ta yi rajista a jami'ar gida tukuna, in kira ya zo sai ta tafi. Mahaifin ya zo da kansa, ya zauna a tabarmar zaurena ya ce, "Malam, kuɗin mota biyu ba ni da su. In ta tafi Yamai aka kira ta, na yi asara. Mu dai jira." Aka jira. Aka cire gero, aka ɗaure dammuna, sanyi ya shigo. Duk ranar kasuwa sai ta hau mota ta zo gari ta duba ko an kafe wani abu, in ta buga waya a ce mata ana nan ana dubawa. Mutum biyu aka kira daga jerin. Kafin ta haƙura an rufe rajista ko'ina. Ta yi shekara a gida, kuma kun san abin da shekara guda a gida take nufi ga budurwa a ƙauye, da irin bakin da ake sa wa uba. Allah ya taimaka mahaifin nan ya tsaya, ta tafi shekarar da ta biyo, amma ta tafi da ƙarin shekara a kanta, abin da ke rage damar samun tallafi.

Jerin jira ba ya motsi sai wani na sama ya janye, ko takardunsa sun gaza, ko ya sami abin da ya fi. Babu wanda zai iya gaya maka mutum nawa za su yi haka, har shi wanda ya buga jerin. Don haka duk yaron da sunansa ya fito a irin wannan jeri, ya ɗauka bai samu ba, ya kama gurbin da ke hannu, ya biya kuɗin rajista, ya fara shiga aji. Kuɗin motar da mahaifin nan ya ji tsoro bai kai kuɗin shekara ba. Sakin na hannu don kamun na guje ne ya fi cin yaranmu, kuma masu maki mai kyau ya fi ci, domin su ne ke da abin jira.

Akwai kuma waɗanda ake tsallakewa ba don maki ba. Takardar haihuwa ta ce Mahamane, takardar bak ta ce Mahaman. Wani ba a yi masa takarda ranar suna ba, sai daga baya aka je kotu aka yi ta madadi, magatakarda ya rubuta shekarar da ta zo masa a baki. Takardar zama ɗan ƙasa daga kotu take fitowa, kofe kuma sai an buga masa hatimi, kuma duk wannan ba aikin yini ɗaya ba ne ga wanda ke Tanut ko Gure. Harafi ɗaya yana mayar da dosiye baya. Abin dariya ne a ce mai son zama lauya shari'arsa ta farko da harafin sunansa ce, amma haka ne, kuma tun yana aji na biyun ƙarshe ya kamata a gyara, ba ranar da ake rufe karɓa ba.

Ga wanda ya samu burs ɗin ma, kada gida ya ɗauka an huta. Jinkirin biya tsohon zance ne a ƙasar nan. Tarihin ƙungiyar ɗalibai ta USN cike yake da shi, kuma kowa a zauren nan ya san zanga-zangar ranar 9 ga Fabrairu 1990 a gadar Kennedy ta Yamai, da ɗalibai uku da suka rasu. Ɗakunan kwanan jami'a ba sa isa, shekarun karatu kan hau kan juna, lisans ɗin shekara uku ya zama huɗu. Ina gaya wa iyaye su tanadi abin da zai riƙe yaro watannin farko kamar babu burs a duniya, buhun gero ne ko jikkunan da za a riƙa aikawa.

Sannan a yi lissafi har ƙarshe. Lisans ba ya sa wa mutum rigar lauya. Bisa ƙa'idar ƙungiyar ƙasashe ta UEMOA ta 2014, sai ya yi masta ta biyu, ya ci jarrabawar CAPA ta shiga aikin lauya, ya yi shekara uku yana koyon aiki a ƙarƙashin wani lauya, kuma yawancin ofisoshin lauyoyi a Yamai suke. Shekara takwas ke nan in komai ya tafi daidai. Mai son alƙalanci kuma gasa ke gabansa ta shiga makarantar horar da ma'aikatan shari'a, guraben kaɗan, masu nema da yawa, da wani jerin jiran a can ma. Burs na shekara uku a ƙasa mai nisa yana iya kai yaro rabin hanya ya sauke shi inda bai san kowa ba, alhali abokinsa da ya sha wuya a Tawa ko Yamai ya riga ya san malaman da za su duba shi a masta da ofishin da zai karɓe shi.

Ɗan Damagaram yana da wani jari da ba ya bayyana a takardar maki. Dokar ƙasar nan ta yarda a yi hukunci da al'ada a sha'anin aure da saki da gado da gona, alƙali yana zama da masu taimaka masa da suka san al'adar masu ƙara. Tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye har matakin ƙauye. Mafi yawan waɗanda ke cika harabar kotunmu da safe manoma ne da makiyaya da zawarawa, kuma da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci suke kawo kukansu. Kundin mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Yaron da ya girma yana jin yadda ake raba gado a zauren malam, ya san bambancin aro da jingina da saye a maganar gona, ya riga takwaransa na birni da wani abu. Wannan jarin a gida kawai ake canjinsa.

Roƙona ga hukumomin da ke zaune a nan biyu ne. Na nesa shi ne sashen shari'a a jami'armu, ga kotun ɗaukaka ƙara a gari da ɗalibai za su riƙa zuwa sauraron shari'a da ƙafa. Na kusa kuwa ba ya cin kuɗi: kowace lise, daga Amadu Kuran Daga har ta Matamai, ta ware malami ɗaya da rana ɗaya a watan Janairu, a kira iyayen ƴan ajin ƙarshe, kowa ya zo da takardar haihuwar ɗansa, a ajiye ta gefen katin makaranta a karanta sunan harafi bayan harafi. A ranar kuma a kafe takarda guda a bango mai ɗauke da ranakun rufe rajista na Yamai da Tawa da Say, da Hausa, da boko da ajami, yadda uban da ya zo daga Dungas zai karanta da kansa.