JIKI GINI NE NA ƘANANAN TUBALA



Kowa ya san da tubali ake gina ɗaki. Haka jikin mutum yake, da na akuya, da na gero. Tubalansu ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Sunansu ƙwayoyin halitta.

Ƙwaya tana da fata da ta rufe ta, da ruwa a ciki. Galibinsu suna da cibiya mai ba da umurni. Ta gero tana da bango mai tauri, shi ya sa kara ke tsayuwa.

Cikin jini akwai jajaye da farare. Jajayen ke kai iska ko'ina cikin jiki. Kowace tana yin kamar kwana 120, sannan sabuwa ta canje ta. Fararen sojoji ne, su ke yaƙi da cuta.

Abin da ke kawo masassarar damina shi ma ƙwaya guda ce. Sauro ke zuba ta cikin jini. Tana shiga jajayen, ta hayayyafa, ta farfasa su. Don haka jinin yaro ke raguwa, tafin hannunsa ya yi fari.

To iyaye, in jikin yaro ya yi zafi, kada a jira gobe. A kai shi likita a auna jininsa. Kuma kowa ya kwana cikin sange.